Daga Gbalahi Zuwa Kujerar Likitan Haƙori: Abin da Hanya Ke Ci

Wanda ya tashi daga Gbalahi neman gyaran haƙori yakan biya kuɗi iri biyu. Akwai wanda likita ke karɓa, a rubuta a takarda a buga hatimi. Akwai kuma wanda hanya ke ci: kuɗin mota, masauki, abinci, canji, ɗawainiyar mai rakiya, da kwanakin da gona ko shago za su yi babu mai su. Na farkon ana iya jin sa ta waya tun ba a fita gida ba. Na biyun ba shi da rasit, kuma gwargwadon nisan tafiya gwargwadon yadda yake danne na farkon, har ta kai wanda ya ƙetare ƙasa yakan tarar kuɗin haƙorin ne ƙarami a cikin lissafinsa.

Gbalahi ƙauyen Dagomba ne a gefen birnin Tamale, hedkwatar Yankin Arewa na Ghana. Mutanen cikin gari sun fi saninsa da babban jujin da motocin shara ke kai wa kaya, amma rayuwar mazaunansa irin ta ƙauyukan da ke kewaye da Tamale ce: noman masara da shinkafa da gyaɗa, kiwon tumaki da zabi, mata kuma da tsintar kaɗanya da fitar da man kaɗe. Damina ɗaya ce a shekara, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, don haka kuɗi da kaka suke shigowa, shi kuwa ciwon haƙori bai san kaka ba. Ma'aunin da ya kamata a riƙe a zuci shi ne na ƙwadago. Mafi ƙarancin ladan yini da gwamnatin Ghana ta ƙayyade sidi 18.15 ne a 2024, ya koma 19.97 a 2025. Farashin mota da na ɗaki suna canzawa kafin tawada ta bushe, amma duk adadin da aka ambata wa matafiyi, in ya raba da wannan zai ga gumin kwana nawa yake shirin kashewa.

Zangon farko cikin gari ne, kuma nan mafi yawan ciwon haƙori ke ƙarewa. Ana shiga Tamale a kan babur, ko a keke mai ƙafa uku da ake kira yalo-yalo saboda launinsa. Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974, yana da sashen haƙori, ga kuma ƙananan asibitoci na gwamnati da na kuɗi. Mai son ganin likita da wuri yakan fita da an sallame sallar asuba, don layin asibitin gwamnati ko'ina na mai sammako ne. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da aka kafa da dokar 2003, tana biyan cire haƙori, da tsaga kumburi a fitar da mugunya, da ciko na yau da kullum. Ba ta biyan haƙorin roba, ba ta biyan aikin ƙawa, kuma jinya a ƙasar waje tana cikin abubuwan da ta ware ƙarara. Abin da katin ya ɗauka, kuɗin yalo-yalo da na karin kumallo sun kusa isa, in dai an sabunta katin a kan lokaci. Abin da ya bari kuwa, tun daga tasha aljihu ke magana.

Masu wuce Tamale su ne waɗanda matsalarsu ta fi ƙarfin filaya. Akwai mai giɓi da ya ƙi haƙorin roba yana son dashe, da yarinyar da haƙoranta suka hau juna ana son daidaita su da waya, da mai ƙari a muƙamuƙi da likita ya tura gaba. Akwai kuma waɗanda suka tashi da jajayen haƙora saboda ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid, matsalar da gundumar Bongo ta can arewa ta yi suna da ita. Irin wannan tabo ba ya jin aswaki ko buroshi, sai dai a lulluɓe haƙorin. Wasu daga cikin waɗannan ayyuka ana samunsu a Tamale, sai dai galibin likitocin haƙori na Ghana, da masu ƙera hular haƙori a bayan fage, a Akra da Kumasi suka taru. A can ne tsofaffin makarantun koyon aikin suke: ta Jami'ar Ghana a Asibitin Korle Bu na Akra, da ta jami'ar KNUST mai horar da ɗalibanta a Asibitin Komfo Anokye.

Daga Tamale zuwa Kumasi kusan kilomita 380 ne, tafiyar awa shida zuwa bakwai a manyan bas-bas irin na STC da VIP da OA. Hanyar tana ƙetare Farin Volta a gadar Yapei, ta ƙetare Baƙin Volta a Buipe, ta bi Kintampo da Techiman. Akra ta haura kilomita 600, kuma da wuya a yi ƙasa da awa goma sha ɗaya. Masu zuwa asibiti sun fi son motar dare, bisa dalilin cewa kujerar mota ta tsaya a madadin ɗakin kwana ɗaya, kuma ana sauka da asuba daidai lokacin kama layi.

Dabarar tana da nata farashin, kuma a tashar hutu ta Kintampo ake ganinsa. Mota ta tsaya cikin dare, fasinjoji su watsu wajen masu shayi da burodi, da soyayyar doya, da dafaffen ƙwai, da tsire. A cikinsu za a ga wani dattijo ya naɗe kai da haɓa da rawani, kuncinsa ɗaya ya tashi kamar ya ƙunshe goro, sanyin iyakwandishan ya yi awa uku yana sukar haƙorin, kowane rami da taya ta faɗa a muƙamuƙinsa ya ji shi. Ba ya iya taunawa. Ɗansa zai sayo masa shayi, ya tsaya yana juya shi daga kofi zuwa kofi har ya huce, don mai zafi da mai sanyi duk ba sa shiga. Shi yaron zai ci nasa a tsaye, ya biya kuɗin banɗaki na mutum biyu, ya sayi ruwan leda, ya ƙara da ƙwayar rage zafi in wadda aka taho da ita ta ƙare. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu shi a lissafin da aka yi a tsakar gida, kuma ba a ma kai rabin hanyar Akra ba.

Wannan yaron shi ne abu na farko da ke ninka kuɗi. Tsoho ba ya tafiya shi kaɗai, mace ma da wuya, wanda za a yi wa tiyata kuwa dole ne da mai jinya. Ga kuma batun harshe. A Gbalahi da Dagbanci ake gaisawa, a tasha da zango Hausa ke sayen tikiti ta nemi ɗaki, amma a gaban likita a Kumasi Turanci ne ko yaren Asante. Mai rakiya shi ne tafinta, shi ne mai bin layin kati, shi ne mai zuwa kemis. Kujerarsa a mota da kwanonsa na abinci daidai suke da na mara lafiya, kuma shi ma ya bar wani aiki a gida.

Mai hali yakan hau jirgi. Africa World Airlines da PassionAir suna haɗa Tamale da Akra cikin kusan awa ɗaya, a kan kuɗin da ya ninka na mota sau da yawa. Filin jirgin yana arewa da gari, kuɗin zuwansa daban. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan sa a jinkirta tashi ko a soke, wanda ke da alƙawari da likita ya wayi gari ya rasa ranarsa.

Masauki shi ne inda mutumin arewa ya gaji wani abu da matafiyan wasu wurare ba su da shi. Tun zamanin da fatake ke tasowa daga Kano da Katsina su zo Salaga sayen goro, kowane ayari yana da inda yake sauka, kowane baƙo yana da fatomansa, mai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwar suka watsu, unguwannin baƙi suka bunƙasa a biranen kudu, kuma har yau sunan masaukin ayari suke amsawa, wato zango. A Kumasi akwai Aboabo da Asawase. A Akra akwai Nima da Mamobi da Madina, da Sabon Zango wanda Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20, wanda kuma ba shi da nisa da Korle Bu. Da wuya a sami gida a kewayen Tamale da ba shi da ɗa ko 'ya ko suruki a ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni, ko a wajen kasuwar Agbogbloshie inda 'yan arewa ke dako da ƙananan sana'o'i.

Amma ɗakin dangi kyauta ne a baki kawai. Ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Ana riƙo doya, ko zabi, ko ƙwaryar man kaɗe, yaron mota kuma ya caji kuɗin kaya. In an kwana biyu, mutumin kirki yakan miƙa wa uwargida wani abu a ce na cefane, ta ƙi, ya nace, ta karɓa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma karɓar baƙi da addini ya ƙarfafa kwana uku ce. Ɗaki ɗaya a Nima mai mutum biyar ba ya jure ƙarin biyu har mako biyu ba tare da fuska ta fara canzawa ba. Sannan nisa ma kuɗi ne. Wanda ya sauka a Madina don gudun kuɗin ɗaki zai hau ƙananan motocin haya na trotro biyu ko uku kafin Korle Bu, zuwa da dawowa, shi da yaronsa, kuma cunkoson safiya na iya cinye masa lokacin ganin likita. Sau da yawa ƙaramin ɗakin haya kusa da asibiti na kwana uku ya fi ɗakin kyauta mai nisa araha.

Abinci lissafinsa a fili yake: mutum biyu, ci uku, kwana goma, kwano sittin ke nan. Sa'ar da aka yi ita ce cimar Ghana tana tausaya wa mai ciwon baki. Koko yana nan kowace safiya. Tuwon zafi da miyar ayoyo yana wucewa ba sai an tauna ba, haka banku, shi kuwa fufu dama haɗiyarsa ake yi. Waakye, shinkafa da waken da ya ari sunansa daga Hausa, sai bayan kwana biyu. Tsire, ƙanzo, soyayyar gyaɗa da goro sai an warke, kuma ga dattijon da ya saba da goro wannan ya fi allura zafi.

Kuɗin da kansa yanzu a waya yake tafiya. Ana zuba shi a MoMo, a ciro kaɗan-kaɗan wajen wakilai a biya ladan cirewa, in ya ƙare a kira gida a turo. Harajin da aka ɗora wa irin wannan turawa a 2022 an soke shi a Afrilun 2025. Wani abin lura shi ne ƙidayar tsofaffi. Tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har yau dattijo kan ce dangi sun haɗa masa miliyan ashirin, alhali sidi dubu biyu yake nufi. Yaron da zai riƙe kuɗin ya kamata ya tabbatar da wace ƙidaya ake magana tun kafin a tashi.

Babban abin da ke karya lissafi, a Kumasi ne ko a Indiya, shi ne aikin haƙori ba safai ake gama shi a zama ɗaya ba. Cirewa tana cikin waɗanda suka kusa haka, ita ma in an zo da kumburi sosai, ko hawan jini, ko suga da ya hau, ana iya ɗaga ta sai an daidaita jiki. Bayan an cire, ana cizon auduga, a yini ba a kurkure baki ba, don gudan jinin da ya toshe ramin shi ne murfinsa. In ya fita, tsakanin kwana biyu zuwa huɗu wani zafi kan taso wanda ya fi na farko, kuma ba a so ya tarar da mutum a gadar Buipe. In an yi ɗinki, zaren kan kai mako. Kashe jijiyar haƙori yakan ɗauki zama ɗaya zuwa uku, sannan a auna, a aika wa maƙera, a jira hula kwanaki. Haƙorin roba sai dasashi ya warke ya lafa, sannan awo, gwaji, gyara. Waya kuwa shekara ɗaya da rabi zuwa biyu take yi a baki, ana ɗaure ta duk bayan wata ɗaya ko biyu, don haka wanda ya sa ta a garin da ba zai iya komawa kowane wata ba ya sayi wahala da kuɗinsa. A kowane tsakani matafiyi yana da zaɓi biyu, ya zauna yana ci yana biyan ɗaki, ko ya koma gida ya sake biyan mota. Tambayar da ta fi "nawa ne?" amfani ita ce "zuwa nawa ne, kuma kwana nawa tsakani?"

Ko inda aikin kyauta ne hanya tana karɓar nata. Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ke tallafa wa tun 2014, yana yi wa yaran da cutar noma ta cinye wa baki da fuska tiyata ba tare da karɓar kuɗi ba. Amma gyaran fuska sau da yawa tiyata ce a kan tiyata, watanni a tsakani, kuma duk zuwa uwa ce ke barin sauran 'ya'yanta da sana'arta.

Akwai ƙasar waje da zuwanta daga Gbalahi ba ya buƙatar jirgi. Daga Tamale zuwa Bolgatanga kilomita 160 ne, a ƙara kusan 40 a kai iyakar Paga, daga nan a bi Po zuwa Wagadugu. Babban birnin Burkina Faso ya fi Akra kusa nesa ba kusa ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza, kuma ko da Burkina da Mali da Nijar suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, an bar zirga-zirgar jama'a yadda take. Sai dai kusancin kilomita bai sa ta zama hanya mai sauƙi ba. Katin NHIS ba ya aiki da an wuce Paga, likita da Faransanci zai yi bayani, shingayen bincike sun yawaita saboda rashin tsaron da ƙasar ke fama da shi, kuɗin kuma sefa ne, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957. Duk ranar da sidi ya faɗi, shinkafar Wagadugu ta ƙara tsada ga baƙo ko da mai sayarwa ba ta ƙara ko dala ba.

Ƙetare na sosai kuwa, Turkiyya da Masar da Indiya da Dubai su ne sunayen da ke yawo a wayoyin mutane. A nan akwai abin dariya da 'yan zango suka sani: tsofaffin Hausawa Ankara suke kiran Akra, don haka in dattijo ya ce zai je Ankara a gyara masa haƙori, sai an tambaya a ji ko ta bakin teku yake nufi ko ta Turkawa. Ko ma wacce ce, sai ya bi ta farkon. Ana iya neman fasfo a Tamale, amma ofisoshin jakadanci a Akra suke, manyan jirage ma daga can suke tashi. Duk abin da aka lissafa a sama na mota da ɗaki da trotro share fage ne, ana biyansa tun ba a ga jirgi ba, wani lokaci sau biyu, zuwan neman biza da zuwan tafiya.

A Afrilun 2024 kuɗin fasfo na yau da kullum ya tashi daga sidi 100 zuwa 500, wato ladan kwana ashirin da bakwai da ɗoriya a ma'aunin ƙwadago na shekarar. Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda Indiya musamman ba ta wasa da shi ga mai zuwa daga Ghana. Sai biza, da takardar gayyata daga asibiti, da bayanin asusun banki mai nuna mutum zai iya riƙe kansa. Wannan na ƙarshen shi ke tsayar da manomin da dukiyarsa ke tafiya da ƙafa huɗu a bayan gida. Indiya tana da bizar jinya da ta mai jinya daban-daban, kowacce da kuɗinta. Turkish Airlines na zuwa Istanbul kai tsaye cikin kusan awa bakwai, EgyptAir na zuwa Alƙahira, Emirates na zuwa Dubai. Indiya babu jirgi kai tsaye, sai an ya da zango a Adis Ababa ko Dubai.

Asibitocin da ke tallata kansu ga baƙi sukan haɗa farashi guda, har da otal da motar ɗauko mutum daga filin jirgi. Abin da ya kamata a karanta shi ne abin da ba a ambata ba: tikiti, biza, abincin rana da na dare, gadon mai rakiya, magani, layin waya, ƙarin kwana in kumburi ya hana aiki, da ƙarin aikin da hoton haƙori zai tono bayan mutum ya riga ya zauna a kujera ba shi da bakin ciniki. Har da tufafi. Lokacin da kuɗin kaka ke hannu shi ne lokacin da Istanbul ke cikin sanyin da hunturun Tamale wasa ne a kansa, wata shekara har da dusar ƙanƙara, sai an bi 'yan gwanjo an nemi kwat da takalmi rufaffe. Alƙahira ta ɗan fi sauƙi ta wannan fuska, kuma tana da irin nata zangon, domin akwai ɗaliban Ghana a Azhar da kan taimaka wa ɗan gida da tafinta da neman ɗaki.

Dashe shi ne aikin da ya fi jan mutane waje, kuma shi ne ya fi nuna ramin da ke cikin lissafin. Ana huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura ƙusar ƙarfen titaniyom, dabarar da likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ya fara yi wa mutum a 1965. Ƙarfen ba ya ɗaukar nauyi yadda ake so sai ƙashi ya kama shi, kuma wannan kan ɗauki wata uku zuwa shida, in ƙashin ya zaizaye har sai an yi masa ciko kuwa ya fi haka. Sannan a dawo a ɗora haƙorin. Ma'ana tikiti biyu, biza mai shiga biyu ko biza biyu, Kintampo sau huɗu. A tsakanin zuwa na farko da na biyu kuma sidi na iya yin abin da ya ga dama. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi shida, kafin ƙarshen shekarar ta haura ninki biyu, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Wanda aka ɗaura wa ƙusa a Afrilun wannan shekara ya koma ɗora haƙori a Nuwamba ya biya rabi na biyu da kuɗin da ya fi na farko nauyi kusan ninki. A 2025 kuma sidi ya farfaɗo, abin ya juya. 'Yan canjin bayan fage na Akra da Kumasi, waɗanda mutanen kudu ke kira aboci daga kalmar aboki, sun fi kowane likita sanin wannan ɓangare na jinyar.

Akwai wuraren da irin wannan tafiya take da riba a fili. Mutanen Ostiriya suna tuƙa mota su shiga Sopron a Hangari, Amurkawa suna ajiye mota kusa da Yuma su taka da ƙafa zuwa Los Algodones a Meziko, ƙaramin garin da ya cika da ɗakunan likitocin haƙori. A can albashin mai tafiya babba ne, aikin haƙori a ƙasarsa tsada gare shi, hanyar kuma gajera ce, in wani abu ya kwance gobe sai ya koma. Ga mutumin Gbalahi duk ukun a juye suke. Shi ya sa ga yawancin ayyuka Kumasi ko Akra sun fi ƙetare ma'ana, ko da farashin likitan ya zo daidai ko ya ɗan fi.

Dawowa ma tana da nata kuɗin. Ba a shiga gida daga tafiya babu tsaraba, ko burodin Techiman ne da alewar yara, wanda ya hau jirgi kuwa abin da ake sa rai daga gare shi ya fi haka. Waɗanda suka ba da gudummawa sai an bi su gida-gida an yi godiya, ragon da aka sayar sai an mayar, zubin adashi na jira. Sannan in hula ta faɗo ko ƙusa ta yi sako-sako bayan wata takwas, takardar garantin da aka bayar a Istanbul a Istanbul take aiki. Kamfanonin dashe kala-kala ne, kowanne da irin ƙusarsa da mabuɗinsa, likitan Tamale ba lalle ya kasance da irinsu ba. Matafiyi mai wayo ba ya barin asibitin waje sai da hotunan haƙoransa, da bayanin aikin da aka yi a rubuce cikin Turanci, da sunan kamfanin ƙarfen da lambarsa.

Tsohon aikin haƙori na ƙasar waje da Musulmin wannan yanki suka sani, tun kafin a ji sunan dashe, shi ne haƙorin Makka. Tun 2016 alhazan arewacin Ghana suke tashi kai tsaye daga filin jirgin Tamale, ba sai sun sha hanyar Akra ba. Kujerar Hajji ta kai sidi 75,000 a 2023, ta sauko 62,000 a 2025. A kan wannan, 'yar hular zinariya ko azurfa da ake zura wa haƙori a shagunan Makka da Madina kuɗin shan ruwa ce, kuma babu wanda ya tafi dominta. Shaida ce da Hajiya ke dawowa da ita a baki, tare da dabino da zamzam. Sai dai masu sa ta ba duka ne likitoci ba. Wani yakan goge haƙorin kafin ya zura, wani ya bar 'yar kafa tsakanin ƙarfen da dasashi inda aswaki ba ya kaiwa. Abinci ya maƙale, haƙorin ya riƙa ruɓewa a ƙarƙashin ƙyalli shekara da shekaru ba a gani ba, sai ranar da ya fara zogi cikin dare. A ranar, yalo-yalo ake tarewa daga Gbalahi zuwa cikin gari bayan sallar asuba, kuma cire shi yana cikin abin da katin NHIS ke biya.